Falanki na Bakwai

4 ga Maris

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna. Yaya gwiwar? Dogo direba ya ce min ranar da ya biya ta gida ya tarar da kai a kan tsani kana gyara rufin kaji, wai kai mai ciwon gwiwa. Allah ya ƙara sauƙi, amma don Allah ka sauko. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tarin da garin katako yake sa ni. Da kunnenka yana jin waya da kira zan yi, to injin yanka ya riga ya cinye shi, dole sai takarda. Dogo ya yarda ya riƙa kai mana duk lokacin da motarsa ta yi lodi ta wajenku.

Na bar kamfanin. Shekara uku ina yanka katakon matsi, wannan da ake niƙa gari a cakuɗa da gam, ina haɗa kabad iri ɗaya har na fara ganinsa a mafarki. Yanzu na kama rabin shago, ni da wani mai ɗinkin kushin. Shi yana gaba, ni ina baya wajen taga, da bencina da kayan aikina. Na san abin da za ka ce, ka riga ka faɗa tun ranar da na ajiye aikin ofis: wai 'yar Yayanka da takardar karatunta ta koma shaƙar ƙura. Na ji, kuma ban fasa ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wata likita, dattijuwa, ta zo gyaran kujera ta ga ɗan akwatin da na yi wa mai kushin na zuba allurai. Ta juya shi ta sake juyawa, sannan ta ce tana son kabad na littattafai mai ƙofa biyu, na katakon gaske, ba na matsi ba. Ta ce in ya yi kyau akwai abokan aikinta da suke neman irinsa. Baffa, wannan ne aikin farko da za a ce nawa ne, ba na kamfani ba. Na yi kwana biyu ina zaga kasuwar katako, duk abin da ke nan ɗanye ne, in ka kafa masa farce ruwa yake fitarwa.

Sai na tuna da falankin maɗacin Baba guda bakwai da ke jere a ɗakin baya. Shekara ashirin ke nan da rasuwarsa suna nan. Kai ka faɗa min da bakinka cewa ya ce a ajiye wa wanda zai gaje shi cikin 'ya'yansa. Yayyena biyu ka san su, ɗaya yana banki, ɗaya kuma bai taɓa riƙe guduma bai daki yatsansa ba. Saura ni. Ina roƙon ka ba Dogo su ya taho min da su.

Kada ka ji tsoro, ba zan ɓata su ba. A kamfani an koya mana haɗin da ko takarda ba ta shiga tsakani. Ba zan yi irin kabad ɗin nan na falonka ba, wanda yake ɗakin Kaka a da, da in an buɗe ƙofarsa allon tsakiya yake ƙwas-ƙwas kamar haƙorin tsoho yana girgiɗi. Tun ina ƙarama nake mamakin yadda ka bar shi haka, ko gam ne ya ƙare maka ranar? Wasa nake yi, kada ka murtuke fuska.

'Yarka,
Ƙusa

19 ga Maris

Ƙusa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan inda take, kaji kuma sun samu rufi, tunda in ban hau ba babu mai hawa. Innarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa ɗaura ƙyalle a hanci in kina aiki.

Na karanta takardarki sau biyu. Karo na biyu a tsaye na karanta, don zama ya gagare ni. Yaya ya sa miki Ƙusa ne saboda ramarki kina ƙarama. Da ya ga bakinki yanzu da ya san bai yi kuskuren suna ba.

Shekara arba'in da ɗaya na yi a wannan sana'a. Kunnena ya tafi a cikinta, rabin ɗan yatsana na hagu ma yana can. Ke kuma shekara uku kina tura allon gari cikin inji kina danna maɓalli, yau ke ce mai duba aikin mutane ki ce gam ya ƙare. Abin nan da kike yankawa ba katako ba ne, shara ce aka matse aka yi mata kwalliya. Bai san damina ba, bai san rani ba.

Kin ce wasa kike yi. Akwai abin da ba a wasa da shi, kuma kabad ɗin nan yana ciki. Ba zan ƙara cewa komai a kansa ba. Tunda an koya miki haɗin da takarda ba ta shiga, me tsoho kurma zai ƙara miki? Ki yi yadda aka koya miki.

Falanki kuwa hakkinki ne, ban isa in hana ba. Amma ki san abin da za a sauke miki. Ni da Yaya muka je muka zaɓi gungumen, muka tsaya a kan mai yanka tun safe har ya gama, don kada ya ci mana kauri. Yaya ne ya jera su, ya sa sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya shafe bakunansu da fenti kada su tsage. Bayan rasuwarsa duk shekara sai na sauke su ɗaya bayan ɗaya, na juya su, na duba ko gara ta shiga, na mayar. Sau ashirin na yi haka. Masu son saye sun zo har na gaji da korarsu, akwai wanda ya yi min sintiri wata guda yana kira na babansa. Jiya da muka ɗora su a mota Innarki ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Shida na ba Dogo. Na bakwai yana wurina, kuma kada ki tambaye ni dalili.

Na naɗe su da tsofaffin barguna. Ki dawo min da barguna.

Baffanki

27 ga Maris

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da Inna. Tari ya yi sauƙi, na ɗaura ƙyallen. Ga bargunanka nan, na kakkaɓe na ninke, guda huɗu. Ka ƙirga, tunda ƙirga ta zama abin yi a tsakaninmu.

Kaya sun iso ranar Talata. Na hau bayan mota ina ƙirgawa har shida, ina leƙen ƙarƙashin buhunan mutane ina neman na bakwai, Dogo yana sosa ƙeya yana kallon taya. Sai da na buɗe takardarka na gane ba faɗuwa ya yi a hanya ba. Ka ce hakkina ne, sannan ka gutsure. Ka ce kada in tambayi dalili. Ba sai na tambaya ba, na sani. Ka riga ka yanke cewa zan lalata shida, shi ya sa ka ɓoye ɗaya don kada a yi asarar duka. Da ɗaya daga cikin yayyena ne ya nema, wanda bai san gaban zarto da bayansa ba, da har motar za ka shiga ka raka su.

A kan kabad ɗinka kuma, wallahi ban san abin zai yi maka zafi haka ba. Magana ɗaya na yi a kan ƙofa mai ƙara, ka mayar min da shafi guda na faɗa har da lissafin shekaru. In aikinka ne ba a taɓawa, to na bari, Allah ya ba ka haƙuri. Amma ƙarar tana nan, ba ni na sa mata ba.

Duk da haushin da nake ji zan faɗa maka gaskiya, ban taɓa sa hannu a katako irin wannan ba. Washegarin isowarsu da safe na ɗora na farko a benci. Da na kankare fuskarsa sai ja ya fito, mai duhu, da wasu layuka kamar ruwa yana gudu. Mai kushin ya ajiye almakashinsa ya zo ya tsaya a kaina yana kallo. Ƙamshin ya cika shagon, irin ƙamshin rigar Baba in ya ɗauke ni da yamma. Sai da na fita waje na ɗan tsaya.

Na riga na yanka huɗu. Ba na son ɓata lokaci, likita tana so kafin ƙarshen watan gobe. Kowace ƙofa firam ce da allo ɗaya mai faɗi a tsakiya, gefunan kabad ɗin ma haka. Na sari kwarmin da allon zai zauna daidai wa daida, sai da gudumar roba yake shiga. In na gama gugar su, nan da mako biyu, zan zuba gam a kwarmin duk zagaye in matse, ya zama kamar daga itace ɗaya aka sassaƙa. Zan aiko maka da hoto. In ka ga dama ka sa tabarau ka nemi inda takarda za ta shiga.

Ƙusa

16 ga Afrilu

Ƙusa,

Salamu alaikum. Lafiya muke, sai Innarki da ta yi kwana uku tana zazzaɓi, ta fara warwarewa. Barguna huɗu sun iso, na ƙirga.

Ki ajiye duk abin da ke hannunki ki karanta wannan. Kada ki sa gam a kwarmin nan. In kin sa kuma bai bushe ba, ki zare allon yanzu ki wanke da ruwan ɗumi.

Katakon gaske yana shan iska. In iska da laima ya kumbura, in ta bushe ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake yi, ba ta tsawonsa ba. Falankin nan shekara ashirin yana kwance a garin da in aka shanya wanki kafin a juya ya bushe. Kin kai shi bakin teku inda gishiri yake narkewa a kwano, kin yanka shi washegari ko hutawa bai yi ba, ga damina tana tafe. Allo mai faɗin wanda kika faɗa zai ƙaru da kusan kaurin fensir. In kin bar masa wuri a kwarmi zai miƙe abinsa babu mai ji. In kin ɗaure shi da gam zai nemi wurin da ƙarfi, kuma firam ɗin zai fasa ya samu. Allon tsakiya ba a manna shi. Firam kaɗai ake sa wa gam, a kusurwa huɗu, allon a bar shi yana yawo a ciki. Wannan ko kafintan da ya fara jiya ya sani, ban san me kuke yi a kamfanin nan shekara uku ba.

Takardarki ta same ni tun biyu ga wata. Ba zan ɓoye miki ba. Na karanta, na ga maganar gam, na ga maganar tabarau, zuciya ta ɗebe ni na jefa ta a durowa. Dogo ya tsaya a ƙofar gida yana ta danna hon, na sa Innarki ta leƙa ta ce masa babu saƙo. Na ce bari mai ilimin kamfani ta gani da idonta. Mako biyu ke nan ina shiga ɗakin baya ina ganin wurin falankin, babu sai ɗaya da sanduna a zube, yau dai na kasa daurewa. Ba don ke na rubuta ba, don katakon na rubuta. Ke har yanzu ina jin haushinki.

Ki amsa min a wannan dawowar ta Dogo.

Baffanki

30 ga Mayu

Baffa,

Ina gaisuwa, don an koya min gaisuwa. Ina fatan Inna ta warke sarai. Ni ba ni da lafiya, amma ba ta jiki ba.

Takardarka ta sha shida ga Afrilu jiya ta shigo hannuna. Injin motar Dogo ya buga a hanya, ta yi mako shida a gareji, takardar tana aljihun mota tare da sifana da tsumman mai. Ka san inda na zauna na karanta ta? A ƙasa, na jingina da kabad ɗin, don an dawo min da shi tun makon jiya.

Bari in ba ka labari, tunda so kake mai ilimin kamfani ta gani da idonta. Na gani. Ƙarshen Afrilu na kai shi gidan likita. Ta shafa shi da tafin hannu tun daga sama har ƙasa, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani, aka jera littattafai ina tsaye. Na dawo shago kamar in tashi sama. Bayan mako biyu ruwa ya sauka, kwana tara a jere. A na goma likita ta kira ni. Ta ce suna cin abincin rana suka ji ƙara daga ɗakin karatu kamar an harba bindiga. Ƙofar dama ta fashe a kusurwar sama, tsagar ta bi firam har ƙasa. Ta hagu ta bankare ta ƙi rufuwa. Allunan gefe su ma sun ture haɗinsu har ana zura yatsa. Ba takarda ba, Baffa, yatsa.

Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga da ya fi min sauƙi. Cire tabarau ta yi ta ce, "'Yata, anya ba ki yi gaggawar barin masu koya miki ba?" Abokan aikin nata da aka ce suna so, ko ɗaya bai kira ba. Mai kushin ya daina tsokanata, sai ya ajiye min shayi a bakin benci ya wuce sum-sum, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai.

Kada ka ɗora wa Dogo laifi, na zauna na duba kwanakin. Tara ga Afrilu na zuba gam. Ran biyu ga wata Dogo yana ƙofar gidanka yana danna hon. Tafiyar kwana uku ce tsakaninmu. Da ka rubuta layi ɗaya ko a bayan kwalin ashana ne, ka ce kada in manna allo, da ya same ni da sauran kwana huɗu. Kai, tun takardar farko ma ka san abin da zan yi, tun da na yi maganar ƙara. Ka sani sarai, ka naɗe katakon Baba da bargo, ka ɗora a mota, ka ce in yi yadda aka koya min. Shekara ashirin kana juya su saboda gara, sannan ka miƙa su ga wadda ta fi gara ɓarna kana kallo, don kawai na taɓa kabad ɗinka.

Na yi rashin kunya, na sani. Na cika baki, na sani, kuma hannuna ne ya zuba gam ɗin ba naka ba. Amma ni jahilci ne ya sa ni. Kai fa?

Ban san ko zan ci gaba ba. Na haɗu da shugaban sashenmu na kamfani, ya ce in ina so in koma, injina yana nan. Ka riƙe na bakwai ɗin. Ka yi gaskiya, ga shi ka tsira da ɗaya.

Ƙusa

8 ga Yuni

Ƙusa,

Wa alaikumus salam, ko da yake ba ki yi sallamar ba. Innarki ta warke, har ta samu ƙarfin da ta karanta takardarki ta yi kwana biyu ko ci kanka ba ta ce min ba.

Kin tambaye ni, ni fa. To ni baƙin hali ne. Kin ji. Ba zan sake faɗa ba, don haka ki adana takardar.

Amma ki daina cewa kabad ɗina. Ba ni na yi shi ba. Ubanki ne ya yi shi, ya yi wa tsohuwarmu shekarar da ya buɗe shagonsa. Kin gan ni ina shafa masa mai duk shekara kika ɗauka nawa ne. Ni har na ajiye sana'a ban yi ƙofa irin wannan ba. Shekara talatin da biyar ke nan, an tashi gida sau biyu da shi, yara sun yi lilo da ƙofofinsa, ke ma kin yi, ko tsaga ɗaya babu. Wannan ƙarar da kika yi wa dariya ita ce wurin da ya bar wa allon. Da tsinken ashana biyu ya auna shi kowane gefe, ina tsaye ina kallo. Sai ga 'yar cikinsa, wadda ta ce ita za ta gaje shi, tana tambaya ko gam ne ya ƙare. Abin da ya tsaya min a wuya ke nan. Kamata ya yi in faɗa miki, sai na zaɓi in hora ki, kuma katakonsa ne ya sha horon. Da yana raye ni zai fara wanke wa fuska da mari kafin ya zo kanki.

Na bakwai kuma ba don raini na riƙe ba, ko da yake na raina ki ɗin. Yaya ne ya koya min cewa ba a kai duk katako bakin zarto a aiki ɗaya, ana barin na gyara. Kin ɗauka da iyawa aka haife shi? Kabad ɗinsa na farko a ɗakin wani malamin makaranta ya fashe. A kan amalanke ya turo shi gida yana share majina, da gemunsa da komai.

Yanzu ki saurara, kuma kada ki mayar min da magana. Zancen komawa kamfani ki bar shi, ba ki fasa falanki shida don ki koma danna maɓalli ba. Allunan ba su mutu ba, firam ne ya mutu. Ki bi layin gam da siririn zarto a hankali ki fitar da su. Na ba Dogo na bakwai, zai ishe ki sabon firam in ba ki yi almubazzaranci ba. Na kuma kwance ƙofar dama ta kabad ɗin Yaya na haɗa miki. Kwanukan Innarki suna nan a buɗe suna shan ƙura, ki san abin da na jawo wa kaina.

Ki rataye ƙofar a bango kusa da falankin. Kowace safiya ki girgiza ta. Muddin tana ƙara, katakon bai gama shan iskar garinku ba, kada ki kusance shi da zarto ko da likita ta zo da 'yan sanda. Ranar da ta yi shiru ki ƙara mako guda, sannan ki yanka. Ki je wurin matar ki gaya mata gaskiya, ki ce da ba ki sani ba yanzu kin sani, ki roƙi wata biyu. Kada ki kai mata bakin da kike kawo min.

Ƙofar aro ce, ba kyauta ba.

Baffanki

13 ga Yuli

Baffa,

Assalamu alaikum, ga sallamar nan har da ta wancan karon. Ina gaida Inna, ka ce mata na ji labarin kwanuka, ta yi haƙuri. Yaya gwiwa? Dogo ya ce kai ka ɗauki kan falankin har mota ka hana shi kamawa. Ba ka jin magana, sannan ka ce ni ce mai taurin kai.

Na yi kwana uku ban kwance bargon ƙofar ba. Da na karanta cewa Baba ne ya yi ta, sai na riƙa tuna abin da na rubuta kalma bayan kalma, na rasa inda zan sa kaina. Har yanzu ina jin haushinka, kada ka ɗauka ya wuce. Ka bar ni wata uku ina zagin aikin ubana ban sani ba. Amma na fi jin haushin kaina, kuma wannan ba ya raguwa.

Na rataye ta yadda ka ce. Kullum in na buɗe shago, kafin in ajiye jaka sai na girgiza ta. Mai kushin da farko ya ɗauka na samu taɓuwa, yanzu ya saba, in na manta shi yake tuna min: "Malama, yau ba ki gaida tsohon ba." Makon farko ƙwas-ƙwas take yi, irin ta falonka sak. A mako na uku ta koma ƙasa-ƙasa sai na kara kunne. Kafin nan na fitar da allunan duka huɗu. Ɗaya ya ɗan ji rauni a baki, amma zai ɓuya a kwarmi.

Larabar da ta wuce na girgiza ta, shiru. Na sake girgizawa da ƙarfi, shiru. Allon ya cika wurin da aka bar masa tsaf, bai ture komai ba. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya bar wa iskar teku wuri tun kafin a haife ni. Na sauke ta na zauna a benci riƙe da ita, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka dawo da kabad. Abin haushi, Baffa, yanzu ƙarar nake so in ji.

Jibi mako zai cika, zan yanka na bakwai. Na sayi ashana kwali guda. Amma ba zan sari kwarmi ba sai amsarka ta zo. Ka rubuto min zurfin da Baba yake yi masa, don ba zan ɓalle ƙofarsa in duba ba. Kuma wannan karon in Dogo ya danna hon ka fito.

Na je wurin likita na faɗa mata komai, har da yadda allon zai riƙa yawo a cikin firam. Ta yarda da wata biyun, babu ko murmushi. Har na kai bakin ƙofa ta kira ni, ta ce ita dai ba ta son kabad mai surutu, tana fatan sabbin ƙofofin ba za su riƙa ƙara ba. Na ce mata da rani za su yi. Na ce in rani ya zo ta girgiza ta ji shiru, ta aiko min da kayana.

'Yarka,
Ƙusa